Matan Dutse a Ƙarƙashin Katifata

Da hantsi ne, na kai wa uwar ɗakina shayi kamar kullum. Ummu Majid mace ce da ba ta ɗaga kai daga waya idan za ta karɓi abu, hannu kawai take miƙowa. Ranar babu waya a hannunta. Tana zaune a bakin kujera ta haɗe gwiwoyi, ta zuba wa hannuna ido, ba fuskata ba. Da na miƙa mata kofin sai ta janye jiki, ta nuna mini ƙasa da haɓarta. Leɓunanta na motsi. Na kasa kunne, sai na ji Falaƙi take karantawa. Ƙaramar 'yarta ta taho da gudu za ta kama mini zane yadda ta saba, uwar ta fizgo ta da ƙarfi har yarinyar ta fashe da kuka.

Na juya zan koma kicin, sai na hangi ƙofar ɗakina a buɗe, katifata a jingine da bango. A tsakiyar hanya, kan tayil, ga wani jan zare a yashe. Na san zaren. Ni na ɗaura shi da hannuna.

Bari in koma baya in faɗi abin da zaren ya ɗaure.

Katuna ne na hoto, kowanne bai wuce tafin hannu ba, na mutum-mutumin dutse waɗanda mutanen Girka na dā suka sassaƙa. A sakandare na fara ganinsu, a Malumfashi, wajen Malama Rifkatu mai koya mana zane. Lokacin ina koyon ɗinki a wajen gwaggona, don haka ni ba fuskokin ne suka kama ni ba, tufafin ne. Dutse ne fa, amma sai ka rantse iska ce ke kaɗa zanen. Akwai wata mai fukafukai, ba ta da kai, rigarta ta manne mata a ciki kamar ruwa ya ba ta kashi, sauran yadin ya tafi baya yana tashi. Na tsaya a kanta har aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba. Malama ta yi dariya ta ce in tafi da ita. Daga nan na shiga bin masu tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, ina roƙo, ina musaya. Ƙawayena suna tara hotunan 'yan fim, ni ina tara matan dutse.

Ban yi abin da ka ba. Na taɓa jin malaminmu na Islamiyya ya ce hoto kai ne, idan aka cire kan ya tashi daga hoto. Yawancin nawa dama ba su da kai, ya karye tun zamanin da ba wanda ya sani. Masu kai kuwa na sa baƙin biro na shafe fuskokin tas. Waɗanda ba sutura a jikinsu ban taɓa ɗauka ba. Na naɗe katunan a ƙyalle na ɗaure da zare, na ce na gyara tsakanina da Ubangijina.

Da su na iso Makka, a ƙasan jaka. Ejan da ya kawo mu ya ce akwai shagon ɗinkin abaya yana jirana. A masauki ya karɓe fasfo ɗinmu, wai zai je ya yo mana iƙama, takardar zama ke nan. Ya ce mu yi umara mu huta. Mun yi umara, mun huta, lambarsa ta daina shiga. Shagon kuwa babu wanda ya taɓa jin sunansa.

Unguwar Hindawiyya ce ta karɓe ni. Wata tsohuwa, Iya Tabawa, mutumiyar Maraɗi da ta zo hajji tun ban zo duniya ba ta zauna, ita ta ba ni gefen tabarma a ɗakinta. Mata ne cike, da safe a tara katifu har rufi, da yamma a baje. Na bi su aikin rana, yau wanke-wanke a gidan biki, gobe goge bene. Wata rana aka kai mu unguwar Utaibiyya kwashe kayan wani tsohon likita da ya rasu, wanda aka ce ya yi karatu a Turai. Magada suka ce duk takarda shara ce. A cikin wani gwangwanin biskit na tarar da katuna irin nawa, masu kauri, masu sheƙi, waɗanda ban taɓa mafarkin gani ba. Na zaɓi masu sutura na cusa a cikin hijabina kamar mai satar zinariya.

Iya Tabawa ta kama ni ina shafe musu fuska a bayan katifu. Ta riƙe haɓa.

"Ke Zulai, garin da aka farfasa gumaka, nan kika ga ya dace ki tara naki?"

Matan ɗaki suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Bar ta, Iya, miji take nema a ciki, ta ga ba su da bakin faɗa."

Amma da aka watse Iya ta ja ni gefe, babu dariya a fuskarta. "Ki ƙona su. Nan ba Malumfashi ba ce. Shagala ba a kama ta da abin da ba a gane ba." Shagala ita ce 'yar aikin gida. Ta ce wadda aka kama ba iƙama, nata mai sauƙi ne, a tsare ta a tarhil, gidan waɗanda za a kora, a sa ta a jirgi ta koma gida. Amma wadda masu gida suka kai da sunan sihiri, wannan wata hanya ce dabam. Ta lissafa mini mata da suka taɓa kwana a ɗakin nan, ɗaya laya aka gani a matashinta, ɗaya gashin uwar ɗakinta a cikin jaka. Na ce, "Ina suke yanzu?" Ta ce, "Ki tambayi wanda ya sani."

Na ce to, zan ƙona. Ban ƙona ba. Duk abin da na zo da shi daga gida ya ƙare ko an karɓe, su kaɗai suka rage. Idan na buɗe ƙyallen sai in ji ƙarar keken gwaggo da ƙamshin alli a ajin Malama.

Iya ce ta samo mini aikin kwana a unguwar Zahir. Mai gidan, Abu Majid, da kansa ya zo bakin lungunmu ya ɗauke ni a mota. Asalinsu Hausawa ne, amma a nan aka haife su, kaka da jika. Matarsa da yaransa ba sa jin komai sai Larabci. Shi kuwa an ce yana ji, amma ban taɓa jin ya furta ko sannu ba. Mahaifiyarsa ce dabam. Kowa Sitti yake ce mata. Iyayenta Sakkwatawa ne da suka tako a ƙasa ta Sudan, kuma Hausar da suka bar mata tana nan yadda suka bar ta, ba ta tsufa ba. Ran da na iso ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗiyag ga, kin iya tuwo ko ke ma shinkafa ta cinye ki?" Na yi mata tuwo da miyar kuka, jikoki suka toshe hanci, ita ta cinye tana hawaye tana zaginsu. Ta sa aka sauko mini da tsohon kekenta na ɗinki daga saman kabad. Kuma a bayan kujerarta ta guragu na fara yin ɗawafi da natsuwa, domin ba askar, wato jami'in tsaro, da ke tambayar takardar mai tura tsohuwa.

Sai ciwo ya same ta. Wata safiya aka tarar ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Da aka dawo da ita daga asibiti sai ga wani abu da ya ruɗa gidan: Larabcin da ta yi rayuwarta duka da shi ya tafi, ko kalma. Hausa kaɗai ta rage, ita ma da nauyi, kamar mai magana da ruwa a baki. Likita ya ce hakan na faruwa. Amma a gida ma'anarsa ita ce uwa ba ta magana da ɗanta, ba ta magana da jikokinta, sai da shagala. Idan ta ce wani abu duk su juyo su kalle ni. Na ga ƙanwar mai gidan, Amma Salha, wato Gwaggo Salha, tana kallona ta wutsiyar ido tun a lokacin, ban kawo komai a raina ba.

Abin da ya dame ni shi ne sa riga. Kafaɗar da ta mutu ciwo take mata, duk safiya idan za a cusa hannun a hannun riga sai ta yi ƙara har cikin raina. Wata rana ina duba katunana sai idona ya tsaya kan wata mata a tsaye, hannunta na dama ya karye daga kafaɗa. Na lura rigarta ba ta da hannu sam. Yadi ne guda aka ninka aka zagayo da shi, aka kama a kafaɗu biyu, sauran ya zubo ya rufe jiki har ƙasa. Ba a cusa komai, ɗorawa ake yi.

Don in gane yadda ninkin ya tafi sai na yi abin da gwaggo ta koya mini idan za a kwafi zanen surfani: ka sa takarda a ƙasa, ka bi layin da allura kana hudawa, ramukan su fito a takardar. A ɗakin Sitti na yi, a kan gadonta. Katin yana zamewa, ita ta danne mini gefensa da hannunta mai rai. Ta ƙura wa matar ido ta ce, "Wagga ma irina ta. Wa yak kashe mata nata?" Muka yi dariya har ta ƙware. Na huda wannan, na huda wasu da yawa, ina neman wadda ninkinta zai fi rufe hannun. Na ɗinka rigar da farin yadi mai laushi, na sa maɓallai a kafaɗa. Tun ranar ba ta sake ƙara ba. Ummu Majid da kanta ta shafa yadin ta ce masha Allah.

To, ga abin da suka tarar a ƙarƙashin katifata: hotunan mutane an shafe musu fuska da baƙi, an huhhuda jikinsu da allura, an naɗe an ɗaure da jan zare an ɓoye. Ni kaina, da na shiga falo na gan su baje a kan tebur, sai da na ga abin da suke gani.

Kafin azahar Amma Salha ta iso, mai gidan ma an kira shi daga wajen aiki. Ta ɗaga katin matar nan mai karyayyen hannu da tsinken goge kunne, ba ta yarda ta taɓa ba. Larabcina na kicin ne, amma na ji komai, tsoro yana buɗe kunne.

"Wane hannu ne babu a nan?"

Na ce na dama.

"Wane hannu ne ya mutu a gidan nan?"

Na ce wallahi haka dutsen yake tun kafin a haifi kakanninmu.

"Fuskar wa kika shafe?"

Na so in yi bayanin malamin Islamiyya, in ce don tsoron Allah na yi. Kalmomin suka watse mini. Abin da ya fito kawai shi ne "haram, haram," ina nuna fuskokin. Ta juya ga ɗan'uwanta ta ce, "Ka ji, ita da bakinta."

Sai Ummu Majid ta shigo da farar rigar a kan sandar tsintsiya, ta ajiye kusa da katin. Ninkin ɗaya, zubin ɗaya. Aikin da na fi alfahari da shi tun da na fara riƙe almakashi, shi ne ya zama babbar shaida a kaina. Ta ce, "Ta sa wa uwarka rigar gunki. Ta ɗauke mata harshe ta bar mata wanda ita kaɗai ke ji. Me kake jira?"

Abu Majid ya miƙo hannu, na ba shi wayata. Aka tura ni ɗaki aka murza makulli.

Ɗakin ba taga sai wata 'yar kafa a sama, kuma sun kashe na'urar sanyi daga waje. Na zauna a kan tayil ɗin da katifata take a dā. Da aka kira azahar na buga ƙofa in yi alwala, ba wanda ya zo, na yi taimama a bango. Ban san raka'a nawa na yi ba. Ina cikin sujada na ji ƙarar Sitti, irin ta dā, na san suna cusa mata hannu a riga. Tana kira, "Zulai! Zulai!" Kowane kira ina jin yana ƙara mini laifi a kunnensu. Na toshe bakina da hijabi don kar in amsa.

Na tuna mahaifiyata. Ita a saninta ina shagon abaya, haka nake gaya mata a waya. Na yi tunanin ranar da wayar za ta daina shiga, ta je wajen ejan, ejan ya ce bai san ni ba. Ba abin da ya fi tsaya mini kamar wannan, a ce ko inda nake ba za ta sani ba.

Bayan la'asar suka buɗe. Sun kawo shehi mai ruƙiyya, dattijo siriri mai tabarau. An ajiye masa roba da ruwa, ganyen magarya na yawo a kai. Bai daka mini tsawa ba, wannan zan faɗa masa har gaban Allah. Ya duba katunan gaba da baya, ya ɗaga su saitin fitila, haske ya fito ta ramukan. Ya tambaye ni a hankali, yana raba kalmomi kamar mai yi wa yaro magana. Na ce ɗinki, na ce riga, na nuna da hannu. Ya ce, "Nuna mini." Ya sa aka kawo allura da takarda, ya turo mini mai fukafukai, wadda Malama Rifkatu ta ba ni.

Na ce Alhamdulillahi a raina, ga ƙofa ta buɗe. Abin da na yi sau ba adadi. Amma hannuna ya ƙi. Allurar na rawa, katin na rawa, ba mai danne mini gefe. Na huda nan, na huda can, ba layi ba tsari. A hudawa ta gaba allurar ta zame ta shige mini yatsa, jini ya ɗiga a kan cikin matar.

Amma Salha ta kurma ihu ta ja baya har ta ture kujera. "Jini! A gabanmu! A gabanka, ya shaikh!"

Shehin ya tattara katunan duka ya zuba a ruwan. Ya yi karatu mai tsawo. Ina kallo baƙin biro ya narke ya bi ruwa, fuskokin da na shafe suka fara leƙowa ta ƙarƙashi, takardar na kumbura. Da ya gama ya goge hannu ya ce wa Abu Majid, "Ban ga rubutu ba, ban ga ƙulli irin wanda na sani ba. Amma irin wannan ban taɓa gani ba, ba zan ce maka babu ba. Ni ba alƙali ba ne. Idan zuciyarku ba ta kwanta ba, akwai hukuma." Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Amma Salha ta zaro waya ta ce yanzu za ta kira shurɗa, 'yan sanda. Abu Majid ya ce ba motar da za ta tsaya a ƙofar gidansa maƙwabta su yi kallo, shi zai kai ni da kansa. Ya sa aka tsame katunan aka zuba a leda.

Na durƙusa. Na ce, "Ku tambayi Sitti. Don Allah ku tambaye ta, tana wurin."

Ummu Majid ta yi wata dariya marar daɗi. "Wa zai fassara? Ke?"

Nan na ga ƙarshena. Mutum ɗaya ce a duniya ta ga abin da na yi, kuma ba mai jin maganarta sai ni.

Aka ba ni jakata, na tsaya a hanya da abaya. Abu Majid ya ɗauki makullin mota, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya. Ya dawo ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya rufe. Ban ji kalmomi ba, muryarta kawai nake ji tana tashi tana sauka, mai nauyi, tana sarƙewa tana sake farawa. Tasa ban ji ba ko sau ɗaya. Ni da na saba da bakinta ma sai na sa ta maimaita, balle mutumin da rabonsa da Hausa tun yana wasan ƙasa. Na ce a raina kuka kawai yake ji, kuma kukan zai ɗora a kaina.

Ya fito idonsa ja. Bai kalli kowa ba. Ya ɗauki ledar ya ce, "Yalla," wato mu je. Ban samu ko leƙa Sitti ba.

Rana ta yi ƙasa lokacin da muka hau titi. Ina baya, ledar na kujerar gaba tana ɗigar da ruwa. Bai kunna rediyo ba. Ni ban san hanyoyin Makka ba, daga gida sai Harami, don haka kowace kwana ina cewa nan ne. Muka wuce motar askar a shataletale, na sunkuyar da kai har goshina ya taɓa kujera. Ina ta maimaita addu'ar Annabi Yunusa.

Sai ya rage gudu ya faka. Na ɗaga kai. A tsallaken titi ga wani gini mai tuta, motocin shurɗa jere a gabansa, wani askar a bakin ƙofa yana shan shayi. Abu Majid ya riƙe sitiyari da hannu biyu, mota na kunne, yana kallon ginin. Aka fara kiran magariba daga ko'ina. Bai motsa ba har aka gama. Sannan ya kashe motar, ya ɗauki ledar, ya fita. Wata babbar motar kaya ta tsaya tsakaninmu, ban ga inda ya nufa ba.

Bai kulle ƙofa ba. Na kama mariƙin. Zuciyata ta ce fita ki ruga. Ina? Ba waya, ba takarda, ban san sunan unguwar ba. Kuma wadda ta gudu ta amsa laifinta ke nan, su da ke da hotona a wayoyinsu. Na riƙe mariƙin ban ja ba, ban saki ba. Mutane suka shiga masallaci, suka fito. Ina jiran in ga mace askar ta nufo motar.

Shi kaɗai ya dawo, gemunsa da danshin alwala, hannunsa babu leda. Ya tada mota. Na ce ya ba su shaidar ke nan, yanzu wani ofishin zai kai ni, na mata.

Tituna suka fara matsewa. Gidaje suka tsufa, wayoyin lantarki suka sarƙe a sama. Sai hayaƙin tsire ya shigo ta tagar, na ji wani yana ciniki da Hausa a bakin hanya. Na ƙi yarda da hancina da kunnena. Sai da ya tsaya a bakin wani lungu na ga shagon mai gyaran takalmi, na ga matakalar da ta karye, na gane lungun Iya Tabawa ne.

Bai juyo ba. Ya yi gyaran murya sau biyu. Sai na ji Hausa ta fito daga bakinsa, a karye, kamar ta yaron da ke koyon magana.

"Zulai. Ummi ta ce... ita ta riƙe. Da hannu. Ke kina allura, ita ta riƙe."



"Ta ce, in sihiri na, a kai mu biyu." Ya share fuska da gefen ƙyallen kansa. "Ta ce in na kai ki... nono. Nonon da na sha. Ba ta yafe ba."

Ya miƙo mini wayata ta saman kafaɗarsa. "Hoto na zuba shara. Ba ƙara. Ba shurɗa. Salha na hana ta. Amma gida... matata. Ba komawa."

Ban san daga ina maganar ta zo mini ba, na ji na ce, "Wa zai sa mata riga gobe?"

Ya kifa kansa a sitiyari.

Wata daga cikin matan ɗakinmu ta gan ni ta gilashi, ta ruga ciki. Iya Tabawa ta fito ba takalmi, tasbaha a hannu. Ta leƙa ta gan ni, ta ga mai gidan, fuskarta ta canza. Ta zagaya tagarsa suka yi magana da Larabci, ta tambaye shi, ta sake tambaya, ta sa shi ya ce wallahi. Sannan ta zagayo wajena ta buɗe ƙofar, ƙofar ta tafi da hannuna.

"Sauko, 'yar nan," ta ce. "Ba wanda zai zo. Kin tsira."

Na ji ta sarai. Na gyaɗa kai, na ce to, Iya. Amma sai da ta sa hannu biyu ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga mariƙin ƙofar.